Ranar da malaman 'ya'yanmu suka zauna a tabarma ɗaya

(Jawabin da wakiliyar ajin yaƙi da jahilci ta karanta a madadin 'yan ajin, ranar bikin zagayowar shekarar ƙungiyarmu a Yalwawa, Dutse)

 

Hajiya shugaba, uwar ƙungiya, ranki ya daɗe. Mai unguwa, Allah ya ja zamaninka. Alaramma, Allah ya gafarta Malam, mun gode da ka bar almajirai ka zo. Malamanmu na boko da na Islamiyya, iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu 'yan ƙungiya, da mazajenmu da suka yi mana kara, sannunku da zuwa.

Mu 'yan ajin yamma aka ce mu yi magana bana. Takardar nan da kuke gani mu muka rubuta ta da hannunmu, kwana uku muna rubutu muna gogewa, malamarmu ta duba mana. In kun ji mun yi tuntuɓe a karatu ku yi haƙuri, da girmanmu muka fara. Ma'aji ta riga ta karanta muku lissafin adashe da na bashi, saboda haka ba za mu maimaita ba. Maganar makarantar yara muka zo da ita, kuma a ƙarshenta akwai roƙo, gara mu faɗa tun yanzu kada a ce mun yi kwana.

Yawancinmu mun san abin da ya kai mu aji. Farkon 2023 ne, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace a kasuwa. Mutum zai auni tiya biyar ta shinkafa, ya ɗaga maka waya ya ce “na tura”, ke kuma kina kallon wayar kamar kina kallon bango. Sai ki kira yaron maƙwabta ya duba miki, in babu shi ki ce Allah ya sa gaskiya ne. Akwai wadda ke zaune a nan da aka ɗauke mata jarkar man gyaɗa sukutum da alat na bogi. Ba za mu nuna ta ba, ta san kanta. Bayan wannan ne muka ce a nemo mana malama, muka fara zama bayan la'asar da littafi da fensir kamar 'yan aji ɗaya.

To, abin da ba mu zata ba shi ne karatun namu zai tona mana wani asiri a cikin gidajenmu.

Wata rana malama ta ba kowaccenmu kati mai ɗan gajeren labari, layi huɗu, da hoton mace tana tatsar saniya. Ɗaya daga cikinmu ta kai gida, tana ta haɗa baƙi da wasali a hankali, ta maƙale a wata kalma. Sai ta miƙa wa 'yarta da ke aji biyar ta ce karanta mini nan. Yarinya ta karɓa, ta dubi hoton, ta shiga ba da labari tiryan-tiryan ba gargada. Da a bara ne uwar za ta ce masha Allah, 'yata ta iya. Amma yanzu uwar ta san kalmar farko a katin, ta kuma san ba ita yarinyar ta faɗa ba. Daga hoton take ƙirƙiro labarin. Aka ɗauko littafinta na makaranta, cike yake da rubutu mai kyau, layi-layi, duk ta kwafo daga allo. Aka ce karanta abin da kika rubuta da hannunki. Sai ta fashe da kuka.

Washegari da aka kawo labarin aji, kowa ta yi shiru. Muka ce kowa ta je ta gwada nata. Wallahi waɗanda suka iya karanta katin nan har ƙarshe ba su kai rabi ba, kuma cikin waɗanda suka kasa har da mai shirin shiga ƙaramar sakandare. Shekara da shekaru muna sayen yunifom da takalmi, muna ba da kuɗin tara, muna ganin rubutu a littafi muna murna. Ashe muna zaune ne a kan abin da ba mu sani ba.

Abin da muka fara yi, kun san halinmu. Muka yafa mayafai mu shida muka nufi makaranta da niyyar faɗa. Hedimasta bai yi musu da mu ba, ya ce ku zo ku gani. Ya kai mu wani aji. Yara a ƙasa, gwiwa na gogar gwiwa, mun fara ƙirgawa muka bari da muka haura ɗari. Malami ɗaya, alli rabin sanda. Ya ce ku gaya mini yadda zai san wanda ya gane da wanda bai gane ba. Sannan ya buɗe rajista ya ce ku dubi ranar Litinin. Mu da muka koyi karatu, muka duba, layin 'yan mata duk alamar ba su zo ba. Ya ce ina suke ranar Litinin? Babu wadda ta amsa, don mun san inda suke. Suna Shuwarin tare da mu, suna riƙe mana faranti. Da faɗa muka je, da kunya muka dawo.

A hanyar dawowa ne wata a cikinmu ta faɗi maganar da ta zama tushen duk abin da ya biyo baya. Ta ce ku tsaya, yaron nan guda ɗaya malamai nawa gare shi? Da asuba yana makarantar allo. Da hantsi yana boko. Bayan la'asar yana Islamiyya. Uwarsa kuma tana da tata malamar. Mutum huɗu ke nan suna aiki a kan gida ɗaya, a unguwa ɗaya, suna haɗuwa a masallaci da wurin jana'iza, amma ba su taɓa zama sun yi maganar yaron ba. Na boko yana cewa hadda ce ta cika wa yara kai. Na Islamiyya yana cewa boko na sako masa yara a gajiye da yunwa. Jarrabawar wannan takan faɗo mako ɗaya da musabaƙar wancan. Yaro yana tsakiya kamar ƙwaryar da mutum biyu ke ja.

Haɗa su bai zo da sauƙi ba, kada mu yi muku ƙarya. Alaramma da farko ya ƙi, kuma yana da hujja: ya ce duk lokacin da aka kira shi taron 'yan boko, ƙarshen zancen shi ne a ce almajirai ne matsalar ƙasa. Sai da mai unguwa ya taka da ƙafarsa har tsangaya. Hedimasta ya ce shi ma'aikaci ne, ba zai zauna taron da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma bai san da shi ba. Muka ɗauka ƙofa ta rufe. Sai ya ce amma akwai kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, in ta nan aka bi babu mai cewa komai. Ranar muka fara jin cewa kowace makarantar gwamnati ana so ta kasance da wannan kwamiti, da mai unguwa a ciki, da malaman addini, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'a, da wakilan yaran kansu, kuma da kujerun mata. Kujerunmu ne, an ajiye mana, ba mu taɓa zama a kai ba.

Zaman farko a ƙofar gidan mai unguwa aka yi, ranar Asabar da safe, maza a tabarma ɗaya, mu da malamai mata a ta gefe. Mu muka kawo kunun gyaɗa da ƙosai. An fi rabin awa ana gaishe-gaishe ana kallon juna. Wani dattijon malami da ya kusa ritaya ne ya fasa shirun. Ya ce shi wannan zama ba baƙonsa ba ne. A zamanin wani shiri da ake kira ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta tallafa daga 2008 zuwa 2017 a jihohi shida har da Jigawa, ana tara malaman makarantun da ke kusa da juna su koyi darasi tare, wani ya koyar sauran su kalla su gyara masa. A lokacin ne ma aka farfaɗo da kwamitocin nan na makarantu. An kuma yi wani na horar da malamai a Jigawa da Katsina da Zamfara, har da bidiyon darasi a waya. Ya ce ya ƙaru ƙwarai, amma a nan wajenmu da shiri ya ƙare, kuɗin mota ya tsaya, sai zaman ya yi sanyi. Mun riƙe wannan magana tasa, za mu dawo kanta.

Sai wata matashiyar malama, wadda ta yi karatu a Kwalejin Ilimi ta Gumel, ta kawo labarin abin da aka gwada a Wudil da Dawakin Tofa a jihar Kano tun 2019. Dabara ce da ta samo asali daga Indiya, wata ƙungiya mai suna Pratham ta fito da ita. A ɗan wani lokaci a kowace rana ana mantawa da zancen aji huɗu ko aji shida. Ana gwada kowane yaro shi kaɗai: wanda bai san baƙi ba, wanda ya san baƙi bai iya haɗa kalma ba, wanda ya iya kalma bai iya jimla ba, har zuwa mai karanta labari. Sai a zaunar da kowa da 'yan matakinsa, da Hausa, ko da ɗan shekara goma sha uku ne zai zauna da ɗan shekara tara. In ya iya, ya matsa gaba.

Tana cikin bayani Alaramma ya fara murmushi. Ya ce Malama, wannan abu har sai an je Indiya? Ai mu haka muka gada. Yaro yana babbaƙu, ba ya shiga farfaru sai ya iya. Ba a wanke masa allo a rubuta sabo sai ya biya na jiya an ji. Ba mu taɓa ciyar da yaro gaba don shekara ta zagayo ba. Aka yi dariya, hedimasta ya ce Allah ya gafarta Malam, ka kama mu. Daga wannan dariya ne zaman ya zama zama. Shi ma Alaramma bai tashi hannu wofi ba, don da ya ga rajistar hedimasta ya ce a rubuta masa irinta, yana so ya riƙa sanin almajirin da bai kwana a tsangaya ba.

Malamarmu ta yaƙi da jahilci ita ce ta fi kowa ƙanƙan da kai a wurin, tana ganin ita ba ta kai sauran ba. Da aka matsa mata ta faɗi yadda take koya mana, sai ta ce ba ta fara mana da kalmomin littafi, da kayan rumfarmu take farawa: gero, mudu, tiya, dabino, bashi. Lissafi kuma da canjin naira 500 take yi mana shi. Malaman boko biyu suka ce ta ba su katunanta su kwafa. Mun ga idonta ya kawo ruwa ranar.

Malamar Islamiyya kuwa ta tuna mana cewa mata su haɗu don koyarwa ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru. Tana naɗa shugabar mata a ƙauye, ana kiranta jaji, a ba ta malfa. Jajin za ta jagoranci mata su zo wurin Nana su ɗauki karatu cikin waƙoƙi, su koma su koya wa na gida. Babu albashi, babu mota, kuma abin ya rayu bayan ranta. Wata dattijuwa a cikinmu ta ƙara da cewa ita ta ga ajin manya na zamanin Abubakar Rimi, da ya kafa hukumar ilimin manya a 1980, lokacin nan Dutse tana cikin jihar Kano, shekara goma sha ɗaya kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Ta shiga ta yi wata biyu aka cire ta aka yi mata aure. Yanzu ta dawo aji da jikokinta a gida, ita ce ta fi mu zuwa a kan lokaci.

Abin da aka tsayar ba shi da yawa. Za a riƙa zama sau ɗaya a wata. Kwana uku a mako, bayan an dawo tara, za a raba yaran manyan azuzuwa bisa matakin karatunsu. Islamiyya ta ɗan ja lokacin shiga don yaro ya samu ya ci abinci. Kafin a sa ranar jarrabawa ko musabaƙa, za a tambayi juna. Mu kuma aikinmu, kowace uwa ta sa ɗanta ya karanta mata layi biyu da dare, ko da ita ba ta iya ba, ta sa wa ko ya su saurara.

Kuna so ku ji ko an ga amfani. An gani, amma ba kamar yadda ake faɗa a rediyo ba. Yarinyar nan mai katin saniya yanzu ita ke karanta wa uwarta saƙon banki, kuma ranar da ta fara karanta labari daga farko har ƙarshe, uwar ta kawo mana goro aji. Akwai kuma yaran da har yau suna kan baƙi. Ajin nan mai yara fiye da ɗari yana nan yadda yake. Matashiyar malamar da ta kawo dabarar an yi mata canjin wurin aiki, aka yi wata biyu abin yana tangal-tangal kafin wani ya karɓa. Sau biyu zaman wata bai yiwu ba, sau ɗaya don damina, sau ɗaya don babu wanda ya ɗauki nauyin kira.

Sai zancen Litinin, wanda shi ne namu, kuma shi ne ya fi ɗaci. Malamai sun cika nasu alkawari fiye da yadda muka cika namu. Mun san dalili, ba sai wani ya zo daga Abuja ya gaya mana ba. Farantin yarinya shi ke sayen kayan miya, shi ke tara kuɗin kayan ɗaki. Wadda mijinta ya rasu ko ya tafi ci-rani, in ka ce ta ajiye talla ka ce ta ajiye tukunya. Ba za mu tsaya a nan mu zagi kowa ba, mu ma da 'ya'yanmu muka je Shuwarin. Amma mun gwada wani abu mu takwas a layinmu: ranar kasuwa biyu su tsare rumfunan da ke nan gari, sauran su tafi da kayan kowa, a dawo a yi lissafi a rubuce. Da can ba za mu iya ba, don babu mai yarda da lissafin ka. Yanzu akwai littafi. Yaran takwas ɗin nan suna aji ranar Litinin, talla sai an tashi. Ciniki ya ɗan ragu, ba mu ɓoye ba, amma bai kai yadda muka ji tsoro ba.

To ga roƙon. Dattijon malamin nan ya ce zamansu na da ya mutu ne ranar da kuɗin baƙi ya ƙare. Ba ma so namu ya mutu haka. Muna neman ƙungiya ta amince kowace mamba ta riƙa ba da naira 200 a wata, a ware shi daban da asusun jari. Da shi za a yi kunun zaman malamai, a sayi kwali da maka a yi katunan karatu, a biya kuɗin mashin na malaman da ke zuwa daga nesa. Ma'aji za ta riƙe, a karanta lissafinsa duk wata kamar sauran.

Mun ji abin da wasu yayyenmu suka faɗa a zaman da ya wuce, kuma ba mu raina shi ba. Sun ce ƙungiya ta jari ce, ba ta alli ba, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa gwamnati ilimin yaro kyauta na shekara tara, don me za mu ɗauke mata kaya? Gaskiya ne. Kuɗinmu ba zai gina aji ba, ba zai ɗauki malami ba, kuma ba ma so ya yi. Wannan aikin hukumar SUBEB ne da ƙaramar hukuma. Amma wa zai je ya tambaye su? Takardar da kwamitin makaranta ya rubuta, da sa hannun mai unguwa da hedimasta da Alaramma da mata, ta fi ƙorafin da muke yi a bakin rumfa nauyi. Shi ya sa roƙo na biyu: muna neman mata huɗu da za su riƙa zuwa zaman kwamitin ba fashi, masu iya buɗe baki a gaban maza cikin ladabi. Ba dole sai wadda ta iya karatu ba. Wadda ta iya cinikin buhun riɗi da dillalin Maigatari ba ta fāɗi ba, za ta iya wannan.

Mazajenmu, Allah ya ƙara arziki, ku ma da naku. Zaman nan da safe ake yi, a ƙofar gidan mai unguwa, a idon kowa. In an zaɓi matarka, ka bar ta ta je. In da hali ma ka zo da kanka, don a zaman da ya wuce iyaye maza uku kacal muka gani, kuma ɗaya wucewa yake aka tsayar da shi.

Malamai, ba mu da abin biyanku. Mun zo muku da faɗa kuka ba mu wurin zama. Abu ɗaya muke ƙara roƙo: in yaro ya kai ƙarshen zango bai iya karatu ba, ku gaya mana a fili, kada a rubuta masa ya ci. Za mu ji zafi, amma mun fi son jin zafin yanzu da na ranar da za a miƙa masa takarda a gaban mutane.

Hajiya shugaba ta ce za a kaɗa ƙuri'a a kan naira 200 ɗin a zaman wata mai zuwa, saboda haka kowa ta je ta yi shawara da gidanta. Masu son shiga kwamitin makaranta, sakatariya na bakin ƙofa da takarda, a rubuta suna kafin a fara rabon abinci. Wadda ba ta iya rubuta sunanta ba ta sa a rubuta mata yau, ranar Asabar bayan la'asar kuma ta zo aji, akwai sauran wuri a tabarma, fensir ma muna da ragowa.